KISHIYAR MADDA: YAYA AKE TSARE ABIN DA BA YA ZAMA CIKIN KOWANE MAZUBI?

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga wata tambaya da ta yi ta maimaituwa a bakin ɗalibanmu na lise, daga cikin birnin Maraɗi har Tibiri da Jiratawa. Sun ji labarin wani abu da ake kira antimatiyar da Faransanci, wanda mu a nan za mu kira kishiyar madda. Wasu sun ji an ce makami ne da za a iya zuba shi cikin kwalin ashana ya shafe birni guda. Wasu kuma sun ji an ce shi ne ainihin fassarar wata aya ta Alƙur'ani mai girma. Lalle maganganun nan biyu kowace tana buƙatar gyara, gyaran kuwa ba zai yiwu ba sai an san abin da kansa: mene ne shi, ina ake samunsa, kuma ta yaya masana suka iya tsare shi alhali babu tukunya, babu kwalba, babu rumbun da zai iya riƙe shi.

Madda da kishiyarta

Madda, kamar yadda ɗaliban Larabci suka sani, ita ce duk abin da ke da nauyi kuma ya tare wuri: ƙasa da ruwa da iska, ƙarfe da gero, har da jikin ɗan Adam. Masana ilmin fizik sun tabbatar da cewa dukkanta an gina ta ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam, ko zarra a Larabcin zamani, waɗanda ƙanƙantarsu ta kai a jera kimanin miliyan 10 a tsawon milimita ɗaya. Ita ma zarrar ba dunƙulalliya ba ce. A tsakiyarta akwai cibiya mai nauyi da ta ƙunshi furoton da nutiron, sa'an nan a kewayenta akwai elektiron, wanda furoton ya fi shi nauyi sau 1,836. Furoton yana ɗauke da cajin lantarki na ƙari (+), elektiron kuwa na ragi (−), kamar dai alamomin nan biyu da ke kan batirin rediyo da gindinsa. Nutiron ba shi da caji. Mafi sauƙin zarra ita ce ta haidirojin: furoton ɗaya, elektiron ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo gare ta.

A shekarar 1928 wani matashin masani ɗan Ingila mai suna Paul Dirac, yana da shekara 25, ya fitar da wani lissafi da ke bayyana halin elektiron idan gudunsa ya kusa gudun haske. Lissafin ya dace da abin da aka auna, sai dai ya zo da amsa biyu. Ɗalibi ya san irin wannan: idan aka ce wace lamba ce za a ninka ta da kanta ta ba da 9, amsa ita ce 3, amma kuma −3 ma amsa ce. Mai auna gona yakan jefar da amsa ta biyu, domin babu gonar da tsawonta ya gaza sifiri. Dirac bai jefar da tasa ba. Bayan ya yi ta jujjuya mas'alar, a 1931 ya bayyana cewa dole ne akwai wata ƙwaya mai nauyin elektiron daidai wa daida, amma cajinta na ƙari ne.

Ba a yi nisa ba, a watan Agusta na 1932, Carl Anderson a Kalifoniya ta Amurka yana ɗaukar hoton sawun ƙwayoyin da ke faɗowa daga sararin samaniya cikin wani akwatin tururi da ke tsakanin maganaɗisu, sai ya ga wani sawu mai kama da na elektiron, amma ya karkata hagu inda ya kamata ya karkata dama. Aka sa wa wannan ƙwaya suna fositiron. A 1955 Emilio Segrè da Owen Chamberlain suka samar da kishiyar furoton a Berkeley, a shekarar da ta biyo aka samu kishiyar nutiron. Daga nan ta tabbata cewa kowace ƙwaya ta madda tana da kishiya: nauyi ɗaya, caji a juye.

Babban halin da ya raba su shi ne wannan: idan ƙwaya ta taɓa kishiyarta, dukansu biyu sai su gushe. Elektiron da fositiron sukan koma walƙiya biyu ta wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, ana kiransa hasken gama, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Mun zaɓi kalmar kishiya ne a bisa ma'anar da malaman Hausa ke nufi idan suka ce dogo kishiyar gajere ne. Ba kishiyar gidan aure ba ce, domin ita wannan idan maigida ya yi adalci ana iya zama da ita shekara arba'in a gida guda, waccan kuwa ko ƙiftawar ido ba a yi.

Maganar makami

Gaskiya ne cewa ƙarfin da ke fitowa daga wannan haɗuwa ba shi da tamka. Bisa ƙa'idar Einstein ta 1905, wadda ta ce ƙarfi daidai yake da nauyi a ninka da gudun haske sau biyu, giram ɗaya na kishiyar madda, wato nauyin ƙwayar gero ɗari da ƴan kai, idan ya haɗu da giram ɗaya na madda zai ba da ƙarfin da ya kai kilowat-awa miliyan 50. Wannan ya kusa ninka bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945 sau uku. Daga nan ne masu finafinai suka samu abin tsorata mutane.

To amma ina giram ɗin? Idan aka tara duk abin da manyan ɗakunan bincike na Amurka da Turai suka samar tun farko, ƙididdigar masana ba ta wuce kimanin nanogiram 20 ba, shi kuwa nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan, ko miliyar kamar yadda muka fi faɗa a nan, na giram guda. Da za a ƙone shi duka a lokaci ɗaya, kilowat-awa ɗaya tak zai bayar, lamba ɗaya ke nan a mitar NIGELEC, abin da zai juya fanka mai wat 50 na awa 20. Kafin a cika giram ɗaya sai an ninka aikin shekaru 70 sau miliyan 50. Bugu da ƙari, lantarkin da ake ƙonawa wajen samar da ita ya ninka wanda za ta mayar nesa ba kusa ba. Saboda haka ba makami ba ce, ba kuma man fetur na gobe ba ce. Hankalin kowa ya kwanta.

Tana nan tare da mu

Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, kishiyar madda ba ta takaita ga ɗakunan binciken Turawa ba. Akwai wani sinadari mai suna fotasiyam da ke cikin zogalen da ake nomawa a filin noman rani na Jiratawa, da wake, da ayaba, da ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa daga karan gero. Kashi kaɗan ƙwarai na wannan sinadari, wajen ɗaya cikin dubu takwas da ɗari biyar, wani nau'i ne marar natsuwa da ke rushewa a hankali, kuma jefi-jefi cikin rushewar yakan saki fositiron. Ayaba guda takan saki ɗaya a kowane minti 75. Jikin babban mutum, wanda ke ɗauke da fotasiyam wajen giram 140, yakan saki kimanin 4,000 a yini. Kowane ɗayansu nan take yake cin karo da elektiron ya gushe, ba tare da cutar da kowa ba. Haka Allah Ya gina jikin, tun kakanni.

Rana ma haka. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, kuma Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman hanyar da talakan Nijar zai amfana da zafin rana. Shi wannan zafi yana fitowa ne daga can cikin cibiyar rana, inda furoton ke narkewa da ɗan'uwansa, kuma a matakin farko na narkewar akan saki fositiron. Wani ɓangare na zafin da ke busar da tattasai da tumatir a kan tabarma, ƙasa da kashi 10 cikin 100, asalinsa haɗuwar madda da kishiyarta ne.

Sai kuma hadari. Ranar 14 ga Disamba 2009 wani tauraron ɗan Adam na Amurka mai suna Fermi yana wucewa ta saman Masar, sai na'urorinsa suka ji fositiron sun faɗa masa. Da aka bincika sai aka gano cewa daga wata tsawa da aka yi a Zambiya suka taso, nisan wajen kilomita 4,500, suka biyo layin maganaɗisun duniya. A 2017 masana a Japan suka ga irin wannan alama daga ƙasa bayan faɗuwar aradu. Ba kowace walƙiya ke yin haka ba, amma hadarin da ke haɗowa daga gabas cikin Agusta, ya rufe Jiratawa, ya ratsa Maraɗi, ya nufi Tibiri, ɗan'uwan na Zambiya ne.

A fagen likitanci kuwa an daɗe ana cin moriyarta. Akwai na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira PET. Akan yi wa majinyaci allurar wani nau'in sukari da aka liƙa wa sinadari mai sakin fositiron. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran jiki haɗamar sukari, saboda haka can zai taru, walƙiyoyin nan biyu na hasken gama kuma su tona wurin. Wahalar ita ce sinadarin ba ya jira: a kowane minti 110 rabinsa ya tafi. Da za a haɗa shi a Yamai a sako shi a motar fasinja zuwa Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 660, bayan awa 9 abin da zai rage bai fi kashi ɗaya cikin 30 ba. Shi ya sa wannan na'ura ba ta zama sai kusa da injin da ke haɗa sinadarin.

Rumbun da ba shi da bango

A dukkan misalan nan da muka kawo, kishiyar madda ba ta daɗewa. Haihuwarta da mutuwarta kusan tare suke. Wanda kuwa yake son ya auna abu, dole ne abin ya tsaya masa. A nan ne ainihin mas'alar take, kuma a nan muke son mai karatu ya natsu.

Manomi idan ya gama girbi yakan zuba damman geronsa a rumbu, ya ɗaga gindin rumbun daga ƙasa saboda gara, ya rufe bakinsa saboda ruwa. To a ƙaddara gero ne wanda da zarar ya taɓa laka sai ya kama wuta, ya taɓa kara ya kama, ya taɓa ƙarfe ko gilashi ya kama, kai ko iskar da ke cikin rumbun ta shafe shi sai ya kama. Duk waɗannan madda ne. Ina za a ajiye shi? Sai dai a rataye shi a tsakiyar wofi, ba igiya, ba bango.

Wurin da aka fi ƙwarewa a wannan aiki shi ne cibiyar CERN, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954 kusa da birnin Janeba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa. A can akan kora furoton da gudu mai tsanani a maka su ga wani ɗan guntun ƙarfe mai suna iridiyam. Cikin tarkacen da ke tashi, a kowane furoton miliyan ɗaya akan samu ƴan ƙalilan na kishiyar furoton. Suna fitowa ne da gudun da ya kusa na haske, abin da ke wannan gudu kuwa ba ya kamuwa. Saboda haka tun shekarar 2000 akwai wani zoben inji mai kewayen mita 182 wanda aikinsa kishiyar na sauran injinan ne: shi rage gudu yake yi, har ya dawo da su kashi ɗaya cikin goma na gudun haske. Daga baya aka ƙara masa ƙaramin zobe mai suna ELENA, kewayensa mita 30, domin ya ƙara lafar da su.

Daga nan sai tarko. Ana kiransa tarkon Penning, kuma Hans Dehmelt, wanda ya samu lambar Nobel a 1989, shi ne ya fara gina shi. Bututu ne da aka zuƙe iskarsa ƙaf, aka sanyaya shi har ragowar iskar ta daskare a jikin bango. Maganaɗisu mai ƙarfi yana tilasta wa duk ƙwaya mai caji ta riƙa kewaya wuri ɗaya, kamar akuyar da aka ɗaure a turke: tana tafiya, amma ba ta isa danga. Sai dai wannan turke bai hana ta zamewa ta tsawon bututun ba, don haka aka sa cajin lantarki irin nata a baki biyu na bututun, duk inda ta nufa a ture ta ta komo tsakiya. Ɗalibin ajin tarminal da ya karanta babin tafiyar ƙwaya mai caji a cikin maganaɗisu ya riga ya riƙe rabin wannan ilmi, sauran rabin kuma ana koyar da tushensa a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maraɗi. Da irin wannan tarko Gerald Gabrielse da abokan aikinsa suka fara kama kishiyar furoton a 1986. Bayan shekara 30 wata ƙungiyar bincike mai suna BASE ta riƙe wasu har kwana 405, wato daga kaka zuwa wata kakar har da ɗoriya.

Wannan duka ƙwaya guda ce mai caji. Babban buri shi ne a haɗa cikakkiyar zarra: kishiyar furoton a tsakiya, fositiron yana kewaya ta, wato kishiyar haidirojin. A 1995 Walter Oelert da jama'arsa suka samar da guda 9 a CERN, amma da mugun gudu suka fito, ba su kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba suka gushe. A 2002 aka samar da dubun dubata masu sanyi, su ma duka suka faɗa bango. Dalili kuwa a fili yake. Da zarar ragi ya haɗu da ƙari, zarrar ta zama ba ta da caji, tarkon Penning kuma da caji yake kamu. Akuya ta zama ba ta da wuyan da za a sa wa igiya.

Abin da ya rage a kama ta da shi ɗan kaɗan ne: kowace zarra ta kishiyar haidirojin tana da wani rarraunan hali na maganaɗisu, kamar ƙaramar allurar nuna alƙibla. Ƙungiyar ALPHA, ƙarƙashin Jeffrey Hangst na Jami'ar Aarhus ta Danmak, ta naɗa wayoyi ta yadda ƙarfin maganaɗisu zai yi rauni a tsakiya ya ƙaru ta kowane gefe. Sai ya zama tamkar ƙwarya wadda ido ba ya gani. Amma ƙwaryar ba ta da zurfi. Idan ka jefa goriba da ƙarfi cikin faranti, tsalle za ta yi ta fice. Sai wadda aka ajiye a hankali ke zama. A duniyar zarra, gudu shi ne zafi. Ƙarshen sanyin da ke yiwuwa a halitta shi ne digiri 273 ƙasa da sifiri, kuma zarrar da ɗuminta ya haura wannan iyaka da fiye da rabin digiri ba ta zama a ƙwaryar ALPHA. Mu da muka saba da digiri 40 da ƴan kai a watan Afrilu, sai mu kwatanta.

A watan Nuwamba na 2010 aka ba da sanarwar nasara. Bayan gwaji 335, da kishiyar furoton wajen miliyan 10 da fositiron miliyan 700, an kama zarra 38, kowace na kimanin kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Ta yaya aka san an kama, tun da ba a ganinsu? Ta hanyar saki. Akan share tarkon daga duk wani abu mai caji, a dakata, sa'an nan a kashe maganaɗisun farat ɗaya. Idan akwai abin da ke ciki zai faɗa bango, na'urori su ga tartsatsinsa. Mafarauci ne wanda ba ya sanin tarkonsa ya kama sai ya buɗe ya ga abin ya tsere. A watan Yuni na 2011 suka ba da labarin riƙe wasu har daƙiƙa 1,000, wato minti 16 da daƙiƙa 40. A 2025 kuwa suka bayyana cewa sun tara fiye da 15,000 cikin ƴan awoyi.

Me ake nema?

Mai hankali zai tambaya: duk wannan dukiya da wahala a kan me? Amsar ita ce akwai wani giɓi a lissafin masana wanda ya shafi samuwar kowane ɗayanmu. A duk gwajin da aka yi, idan ƙarfi ya rikiɗa ya zama madda, tare da kishiyarta yake haifar ta, ɗaya da ɗaya. Idan haka abin ya kasance a farkon halittar sararin samaniya, shekara biliyan 13.8 da suka wuce bisa ƙiyasinsu, to da kowace ƙwaya ta gamu da kishiyarta sun gushe, da babu abin da zai saura sai haske. Babu rana, babu ƙasa, babu Gulbin Maraɗi. Amma ga mu, kuma duk inda na'urorin hangen nesa suka duba madda suke gani.

Ƙididdiga ta nuna cewa rarar da madda ta yi ƴar mitsitsiya ce: a kowace ƙwaya biliyan ɗaya, kimanin guda ɗaya. Ƙwayar gero dubu takan auna wajen giram 8 zuwa 10, saboda haka ƙwaya biliyan ɗaya ita ce buhu 80 zuwa 100. A jibge buhu ɗari a dama, buhu ɗari a hagu, su cinye juna, a share wurin a tsinci ƙwayar gero ɗaya. Da irin wannan ƙwaya aka gina duk abin da muke gani.

Daga ina rarar ta fito? A 1964 James Cronin da Val Fitch sun gano ɗan bambanci tsakanin halin wasu ƙwayoyi da na kishiyoyinsu, a 1967 kuma Andrei Sakharov na Tarayyar Sobiyat ya zayyana sharuɗɗa uku da dole su cika kafin rara ta samu. Amma bambancin da aka gano ya yi kaɗan ƙwarai, bai isa ya biya giɓin ba. Shi ya sa ake tsare kishiyar haidirojin a yi mata awon ƙwaƙƙwafi. A 2016 aka fara haska ta da leza a ga irin hasken da take sha. A 2018 aka samu ya yi daidai da na haidirojin har zuwa kashi 2 cikin tiriliyan. A 2022 BASE ta gwada cajin furoton da nauyinsa da na kishiyarsa, suka dace har kashi 16 cikin tiriliyan. A watan Satumba na 2023 aka amsa wata tsohuwar tambaya: idan aka saki kishiyar madda, sama za ta yi ko ƙasa? Ƙasa ta faɗo, kamar yadda mangwaro ke faɗowa. Duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa, amsa ɗaya ce: babu bambanci. Mas'alar tana nan a buɗe.

Faɗakarwa game da aya

Yanzu sai mu koma ga magana ta biyu. Aya ta 49 ta Suratuz Zariyat da aya ta 36 ta Suratu Yasin suna magana a kan halittar abubuwa nau'i biyu-biyu, wasu marubutan zamani kuwa sun yi gaggawar cewa kishiyar madda ake nufi. Mu a ganinmu wannan gaggawa ba ta da kyau. Magabatan malaman tafsiri sun yi bayanin ayoyin da namiji da mace, dare da rana, sama da ƙasa, tudu da kogi, abubuwan da ke cika juna rayuwa ta tsayu a kansu. Madda da kishiyarta kuwa ba sa cika juna, shafe juna suke yi, kuma mun ga cewa duniya ta tsayu ne a kan rashin daidaiton adadinsu. Babu laifi mumini ya dubi wannan ya yi tasbihi, hasali ma abin da ake so ke nan. Laifin shi ne ya yanke cewa ga abin da Allah Yake nufi, ya ɗaure ayar da ba ta canzawa a jikin binciken da masu shi da kansu ke cewa bai kammala ba.

Irin wannan ya faru da kalmar zarra. A tsohon Larabci tana nufin ƙaramar tururuwa, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo cikin hasken rana idan ya ratso ta taga. Larabawan zamani ne suka ara ta suka ba atam. Haka nan jauharin da ba ya rabuwa, wanda malaman tauhidi na mazhabar Ash'ariyya suka yi bahasi a kansa, da hujjar hankali suka kai gare shi, ba shi ne atam ɗin ɗakin gwaji ba, wanda an daɗe da fasa shi. Ɗalibin da ya cakuɗa waɗannan zai sha kunya a gaban malamin tafsiri, ya kuma sha ta a gaban malamin fizik.

Sauran baƙin nau'o'i

Kishiyar haidirojin ba ita kaɗai ce baƙuwa ba. A makaranta an koya mana hali uku na madda: daskararre, ruwa-ruwa, da iska. Akwai na huɗu, fulasma, wanda shi ne jikin rana da walƙiya. A 1951 Martin Deutsch ya gano wata zarra da elektiron da fositiron ke yi suna kewaya juna kafin su gushe, mafi tsawon ranta bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. A 1995 Eric Cornell da Carl Wieman suka sanyaya wasu zarrori har dubbansu suka riƙa aiki tamkar guda ɗaya. A 2011 aka ga cibiyar kishiyar hiliyam a Brookhaven ta Amurka. Kowane ɗayansu darasi ne mai zaman kansa.

Shi kuwa rumbun da ba shi da bango, an fara koya masa tafiya. Injinan CERN suna girgiza maganaɗisun tarko, abin da ke rage ingancin awo, don haka masu BASE suka ƙera tarkon da za a iya ɗorawa a mota, nauyinsa wajen tan ɗaya, da nufin kai kishiyar furoton wani ɗakin bincike mai natsuwa a Düsseldorf ta Jamus. A watan Oktoba na 2024 suka gwada shi da furoton 70 na madda, suka zaga da su cikin harabar cibiyar a bayan kamiyo, suka dawo da su cif 70.

Ga aiki biyu ga ɗalibanmu na lise kafin fitowa ta gaba. Na farko: da gudun haske mita miliyan 300 a daƙiƙa, a nuna da lissafi cewa nanogiram 20 na kishiyar madda da nanogiram 20 na madda suna ba da kilowat-awa ɗaya, a tuna cewa kilowat-awa ɗaya jul miliyan 3.6 ne. Na biyu: idan sinadarin na'urar PET yana raguwa da rabi a kowane minti 110, bayan minti nawa ne abin da ya rage zai gaza kashi ɗaya cikin ɗari? A miƙa amsoshi ga malaman darasin dare, tare da bayanin yadda aka bi aka kai gare su.